Tsofaffin Gidajen Taliya Na Unguwa Sun Cancanci Doka Ta Tsaya Musu

A birnin New York akwai gidajen kwana kusan miliyan ɗaya waɗanda doka ta ƙayyade yadda za a ƙara musu kuɗin haya. Mai hayar shago kuwa ba shi da irin wannan gata. Mutum zai shekara arba'in yana dafa wa unguwa abinci a kwana ɗaya, bai taɓa tsallake wata bai biya haya ba, amma ranar da yarjejeniyarsa ta ƙare mai ginin na da ikon ninka masa kuɗi, ko ya ce ya kwashe tukwanensa ya ba shi wuri, kuma babu inda zai kai ƙara a saurare shi. Ta wannan ƙofar ce tsofaffin gidajen abincin Italiyawa na cikin unguwanni ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ni dai a ganina asara ce ga birnin gaba ɗaya, har da mu 'yan Afirka ta Yamma da muka zo jiya-jiya, kuma lokaci ya yi da majalisar birni za ta daina kallon abin kamar ruwan sama da ba mai iya hana shi zuba.

Bari in fayyace irin wuraren da nake nufi, don kada a ɗauka manyan gidajen abincin Manhattan ne, inda sai ka kama teburi tun makonni kafin ranar. Ina nufin wanda ke kwanar titi tsakanin shagon wanki da kantin magani. Teburansa an shimfiɗa musu leda mai zanen ja da fari. Dogayen kujerunsa na jikin bango sun tsage an liƙe su da tef. A bango akwai hoton kakan mai wurin sanye da farin bantan kuku, da hoton 'yan ƙwallon Napoli, da allon da ake rubuta abincin ranar da alli. Da safe ƙwai ne da burodi da kofi kamar kowane gidan abincin Amurka. Daga azahar zuwa dare kuwa taliya ce da jar miyar tumatir, da kazar da aka soya da garin burodi aka lulluɓe ta da cuku, da miyar wake, da burodin da aka shafa wa tafarnuwa. Farantin mutum ɗaya ya ishi biyu, kuma ba mai yi maka wani kallo idan ka ce a ƙunshe maka ragowar.

Akwai ɗaya a Bronx, ɗaya daga cikin manyan yankunan birnin, da nakan shiga idan na tashi aiki a makare. Matar da ke kawo abinci ta kusa jika da ni, kowa Mama yake ce mata, har da mu da ba ta haifa ba. Ranar da na fara zuwa na tambaye ta abin da kowane Musulmi zai tambaya: "Mama, akwai alade a dunƙulen naman nan?" Ba ta amsa da ka ba. Ta leƙa kicin ta ƙwala wa kuku kira. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ja kujera ya zauna kamar mun saba. Ya ce dunƙulen naman haɗi ne na sa da maraƙi da alade, haka mahaifiyarsa ke yi. Ya ce, "Abokina, miyar Lahadi ma kada ka taɓa ta, da tsiran alade take nuna. Kazar nan ta ƙasan takardar abinci da giya ake yin romonta. Amma ina da tukunya guda da ba komai a cikinta sai tumatir da man zaitun da tafarnuwa da ganye." Ya koma ya ɗauko kasko mai tsabta ya nuna mini kafin ya ɗora. Abin da ya kawo mini daren nan taliya ce da tafarnuwa da man zaitun da ɗan busasshen barkono, sai gauta da aka yayyanka fale-fale aka soya aka jera da miya da cuku aka gasa a tanda. Tun daga ranar ba na sake tambaya. Da na shigo Mama za ta ce da kicin, "Na mutumin nan da ba ya cin alade."

Wannan amsar da na samu ba kyakkyawan hali kaɗai ya kawo ta ba, tsarin wurin ne. Wanda ya dafa miyar yana bayan ƙofa, ya san abin da ya zuba da hannunsa tun asuba. A manyan kamfanonin abinci masu rassa ɗaruruwa, yarinyar da ke karɓar odar ba ta taɓa ganin inda aka haɗa miyar ba, iyakarta ta miƙo maka takardar da aka buga daga hedikwata. Ba laifinta ba ne. Amma ga mai kiyaye abin da zai sa a bakinsa, ko don addini ko don hawan jini ko ciwon suga, samun mutumin da zai dube ka ido da ido ya ce "wannan kada ka ci" abu ne mai tsada.

Wani dattijo yana zama a teburin da ke jikin taga kullum da yamma. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun koma wasu jihohi. Ba ya buɗe takardar abinci, Mama ma ba ta tambayarsa. Miyar wake da gutsattsarin taliya take kawo masa, kuma da yake hannunsa na rawa, ita ke yanyanka masa burodin kafin ta ajiye. Yakan yi awa biyu a kan kwano ɗaya da kofi ɗaya, ba wanda ke ɗaga masa gira don ya tashi a ba wani wuri. Akwai lokacin sanyi da aka ga bai zo ba, ta tura yaron da ke wanke kwanuka ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da miya a roba. Mura ce ta kwantar da shi. Wannan aikin babu ofishin gwamnatin da ke biyan kowa ya yi shi, kuma ranar da aka rufe wurin aka buɗe banki ko shagon sayar da waya a gurbinsa, aikin ya mutu ke nan ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba.

Akwai masu raina wannan abincin, suna cewa ai ba na Italiya ba ne na gaskiya. Ta wani ɓangaren sun faɗi daidai. Idan ka je Roma ko Napoli da wuya ka samu farantin taliya da manyan dunƙulen nama a kai yadda ake yi a Bronx, kuma kaza da cuku a kan taliya ba abincin can ba ne. Amma a duba yadda aka yi abincin ya zama haka. Daga 1880 zuwa 1924 Italiyawa sama da miliyan huɗu suka shigo Amurka, akasarinsu talakawan kudu ne, daga Sisili da Kalabriya da ƙauyukan da ke kewaye da Napoli. A gida manoma ne da ke noma wa masu ƙasa, nama sai ranar biki. Suka zo suka tarar ko lebura mai haƙa ramin jirgin ƙasa na iya sayen naman sa a ƙarshen mako, ga tumatir na gwangwani a kowane kanti. Matan da suka taso suna ƙirga wake a tukunya suka wayi gari suna iya cika wa 'ya'yansu faranti har ya zube. Girman dunƙulen naman nan da yawan miyar nan tarihin mutanen da suka san yunwa ne. Shi kansa tumatir ɗin daga nahiyar Amurka aka kai shi Turai a ƙarni na 16, ya daɗe kafin ya shiga tukunyar Italiyawa sosai. To wane ne zai tsaya ya yanke ranar da abinci ya gama zama na gaskiya?

Wanda ke son ganin abin da ya rage na wannan tarihi ya je titin Arthur Avenue a unguwar Belmont, kusa da gidan namun dajin Bronx da jami'ar Fordham. Kasuwar cikin gini da ke can magajin gari Fiorello La Guardia ne ya buɗe ta a 1940, don ya kwashe masu tura baro daga kan titi ya ba su rumfuna. Gidan abincin Mario's yana kan titin tun 1919. A Brooklyn akwai Bamonte's tun 1900, a gabashin Harlem akwai Rao's tun 1896. Waɗannan sun yi suna, 'yan yawon buɗe ido na zuwa, ba su nake ji wa tsoro ba. Tsorona na ga ƙananan da ba jaridar da ta taɓa rubuta sunansu, waɗanda abokan cinikinsu direbobin bas ne da ma'aikatan asibiti da tsofaffin unguwa.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, domin na san wasu 'yan'uwanmu za su tayar da ita. Unguwannin Italiyawan New York ba koyaushe suka karɓi baƙar fata da hannu biyu ba. A watan Agusta na 1989 wasu samari farare suka tare wani yaro baƙar fata ɗan shekara 16, Yusuf Hawkins, a unguwar Bensonhurst ta Brooklyn, aka harbe shi har lahira. Mota ta hannu ya je dubawa. Baƙaƙen Amurka da suka girma a birnin a wancan zamani suna tuna titunan da ba a bi bayan magariba. Wanda ya ce saboda haka zuciyarsa ba ta kwanta da waɗannan wurare ba, ba zan yi masa gardama ba. Sai dai a tuna su ma Italiyawan an yi musu. A 1891 gungun mutane suka fasa kurkuku a New Orleans suka kashe Italiyawa 11, kuma dokar shige da fice ta 1924 an tsara ta ne don a rage shigowar irinsu da mutanen gabashin Turai. Abin da na fi dubawa shi ne wanda ke cikin kicin ɗin yau. A Belmont da kewaye, da yawa daga masu gidajen fiza 'yan Albaniya ne, cikinsu akwai Musulmi, masu juya tukunya kuma galibi 'yan Meziko ne da sauran ƙasashen Latin. Idan aka rufe gidan taliya a Bronx a yau, waɗanda za su rasa abin yi baƙi ne irinmu masu tura kuɗi gida duk wata.

Sai masu cewa kasuwa ce, a bar ta ta yi halinta: in mutane na son wuri za su je, in ya mutu to ba a so ne. Da haka ne da na yi shiru. Amma sau da yawa wurin da ake rufewa cike yake da mutane har daren ƙarshe. Ba ciniki ne ya gaza ba, haya ce ta tashi. Mai gini ya lissafa ya ga babban kamfani zai biya ninki biyu, ko ya gwammace ya bar shagon a kulle shekara guda yana jiran irin wannan kamfanin. Shi kuma mai abinci ba ya iya ɗaukar unguwarsa ya tafi da ita. Ya kashe kuɗi ya sa bututun gas da na hayaƙi da ɗakin sanyi, duk sun zama na ginin. Abokan cinikinsa masu zuwa da ƙafa ne. Mai ginin ya san haka, shi ya sa ranar sabunta yarjejeniya wuƙa da nama na hannunsa. Ciniki tsakanin wanda zai iya jira da wanda ba zai iya motsawa ba, ban ga adalci a cikinsa ba.

Kuma ba wani sabon abu ake nema ba. New York ta taɓa ƙayyade hayar shaguna daga 1945 har zuwa 1963. Tun 1986 ake kawo wani ƙudiri gaban majalisar birnin wanda zai ba ɗan kasuwar da ke biyan hayarsa hakkin sabunta yarjejeniya na shekara goma, in kuma sun kasa daidaitawa da mai gini a kan kuɗi a kai su gaban mai sasantawa. Ana kawo shi, masu harkar gidaje na taso masa, ana mayar da shi aljihun tebur. San Francisco ta bi wata hanyar. A 2015 ta buɗe rajistar tsofaffin wuraren kasuwanci da suka shekara 30 ko fiye suna hidima ga unguwa, masu zaɓe kuma suka amince da asusun da zai tallafa musu, ya kuma ba da tallafi ga masu ginin da suka yarda suka ba su haya ta shekara goma. Ban ce ko wace daga cikin biyun ba ta da aibu ba. Masu gine-gine su ma suna biyan haraji da inshora, kuma akwai ƙananan masu gini da hayar shagon ƙasa ce fanshonsu. Sasantawa ai ba ta hana ƙarin haya, ninkawar dare ɗaya take hanawa. Shi ya sa na fi karkata gare ta, a haɗa da sassaucin haraji ga mai ginin da ya riƙe tsohon ɗan haya.

Hujjar da ke nuna majalisar na iya motsawa in ta ga dama ita ce abin da ya faru lokacin korona. A watan Maris na 2020 aka hana cin abinci a cikin gidajen abinci, kowa ya koma dogaro da manhajojin kai abinci gida, waɗanda kan cire har kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kowace oda. Cikin watanni kaɗan majalisar ta ƙayyade musu kashi 15 na kai abinci da kashi 5 na sauran hidima, a 2021 ta mayar da dokar ta dindindin, har kamfanonin DoorDash da Grubhub da Uber Eats suka kai birnin kotu. Wato an yarda cewa ƙaramin mai abinci na buƙatar kariya daga wanda ya fi shi ƙarfi. In an yarda da haka a kan manhaja, me ya hana a yarda a kan haya, wadda ita ce ke rufe ƙofar baki ɗaya?

Da yake na ambaci manhaja, mu ma masu ci muna da namu kason. Taliya ba ta son tafiya. Minti ashirin a cikin roba a bayan keke, ta sha miyarta ta kumbura ta yi laushi, soyayyar gautar ta jiƙe. Ka biya kuɗi fiye da na wanda ya je da ƙafarsa, ka ci abin da bai kai nasa ba, Mama ba ta samu tukwicinta ba, mai wurin kuma an yanke masa riba. Wanda zai iya takawa ya taka. Wanda ba zai iya ba ya buga wayar wurin kai tsaye, yawancinsu har yanzu suna ɗauka.

Na san za a ce abincin da nauyi, ga cuku ga gishiri ga mai, kuma gaskiya ne ba na kullum ba ne. A raba faranti biyu, a fara da miyar ganye. Wannan ba dalilin da zai sa a bar wuri ya mutu ba ne.

Abin da ya fi sa na damu shi ne na ga namu a cikin nasu. Bronx cike take da 'yan Ghana da Nijar da Najeriya da Gambiya da Gine da Senegal da Mali. Duk wanda ya zauna a nan ya san gidajen abincinmu: tuwo da miyar kuka, waake (shinkafa da wake irin ta Ghana) da shito (miyar barkono), dafa-duka, gasasshen rago. Nan direban tasi ke tsayawa bayan ya kwana yana aiki, nan sabon zuwa ke samun labarin ɗaki da aiki, nan ake ajiye kwalin karo-karo idan an yi rasuwa za a kai gawa gida. Ɗaiɗaiku ne daga cikinsu suka mallaki ginin da suke ciki, sauran duk 'yan haya ne, kuma dokar da ta bar mai taliya ba kariya ita ce ta bar mai tuwo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Italiyawan sun fi mu daɗewa da shekara ɗari, sun fi mu kuɗi, sun fi mu sanin 'yan siyasa, wasunsu ma sun sayi gine-ginensu tun ana sayarwa da araha. In su haya na korarsu, mu da muka zo bayan farashi ya tashi fa?

Kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan za su sauya abincinmu yadda 'ya'yan Italiyawa suka sauya nasu. Tuni na ga yara na zuba cuku a kan dafa-duka. Wata rana wani zai zo daga Kumasi ko Zinder ya ɗanɗana ya ce wannan ba tuwon gaskiya ba ne, jikokinmu kuma za su ce shi suka sani, shi kakarsu ke yi. Ina so a ce a ranar akwai tsohon gidan tuwo a kwanar titi da zai kai shekara hamsin, mai hoton wadda ta kafa shi a bango.

Da yawa daga cikinmu sun samu takardar zama ɗan ƙasa, suna jefa ƙuri'a. 'Yan takarar majalisar birni sun gano haka, shi ya sa suke zuwa masallatanmu ranar Juma'a da filin Idi suna gaisuwa. Idan sun zo, bayan maganar makarantu da 'yan sanda da takardu, a tambaye su ƙarara ina suka tsaya a kan hakkin ɗan kasuwa na sabunta hayar shagonsa. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa kuma su nemi na Belmont su zauna tare, domin su sun san ƙofofin majalisar, mu kuma muna da yawan jama'a a mazaɓun da su suka bari.